Ɗinkin Gafaka

A garin da na yi aiki shekara goma sha huɗu, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai ɗauke da ɗinkina a jikinsa ba. Wannan gatari ya zame masa a ƙafa, wancan sa ya soke shi a kasuwar Moriki, waccan ta faɗa kan fasasshiyar tukunya. Ƙaramin gari ne a gefen hanyar da ta tashi daga Kaura Namoda ta nufi Zurmi. Asibitinsa ɗaki biyu ne da baranda, ni ne babba a ciki, ni ne kuma ƙarami. Likita suke kirana. Ni ba likita ba ne, makarantar koyon aikin lafiya na yi, na kuma faɗa musu haka har bakina ya gaji. A wajensu duk wanda ya iya tsira wa mutum allura bai karya ta a ciki ba, ya gama zama likita.

Shi ɗinki ba a makaranta na fara koyonsa ba. Mahaifina malami ne, ya taɓa zama a garin nan yana saurayi, kuma bai taɓa yarda wani baduku ya ɗinka masa gafaka ba, jakar fatar nan da ake ajiye Alƙur'ani a ciki. Da kansa yake yanka fata ya ɗinka. Tun ina yaro ya danƙa mini basilla, babbar allurar ɗinkin fata. Ɗinkinsa ƙanana ne, kusa da kusa, kowane ƙulli a karkace ta hagu, domin shi bahago ne. Ni da nake amfani da dama sai na kwaikwayi karkacewar, a zatona haka ƙa'idar take. Da na je makaranta malamai suka yi faɗa suka gaji, hannu ya riga ya saba. Saboda haka duk raunin da na ɗinke, idan ya warke, tabon yakan fito da 'yan ɗige-ɗige a jere masu kallon hagu, wanda ba za ka ga irinsa a hannun wani ma'aikacin lafiya ba daga Kaura har Shinkafi.

Wanzamin garin ne ya raɗa wa abin suna. Ya ɗan girme ni, kuma tun ranar da na sauka muke tsokanar juna. Shi yana cewa na ƙwace masa kasuwa, ni ina cewa rabin aikina gyaran ɓarnar askarsa ne. Idan ya ga wani ya fito daga wajena da bandeji, sai ya ɗaga murya daga ƙarƙashin rumfarsa:

"An yi ma ɗunkin gahwaka ke nan! Alla shi jiƙan Malam, ya bar muna baduku yac ce likita na."

Mutane su yi dariya, ni ma in yi. Har alfahari nake yi da sunan a lokacin.

Sai daji ya lalace. Ba sai na ba da labarin yadda aka yi ba, duk wanda ya zauna a yankinmu ya sani. Gonakin nesa aka fara bari, sannan na tsakiya. Aka daina kiran mutanen da sunansu, sai dai a ce mutanen daji, a kuma ɗan waiga kafin a faɗa. Wata Juma'a bayan an sallame, aka yi shela cewa kada wanda ya ƙara sayar wa baƙon da ba a sani ba man fetur, ko burodi mai yawa, ko magani. Da aka watse mai gari ya sa aka kira ni gefe.

"Likita, naka ya hi na kowa nauyi," in ji shi. "Dut baƙon da yaz zo ma da rauni, ka aiko a hwaɗa muna kahin ka taɓa shi."

Na ce to, ranka ya daɗe. Irin to ɗin nan da ake ce wa manya don a wuce wurin. Ban yi gardama ba, ban kuma zauna na tambayi kaina abin da zan yi idan ranar ta zo ba. A makaranta an koya mana cewa wanda ya shigo da ciwo, ciwon za ka duba, ba a tambayarsa ɗan wane ne. Mutanen garin kuwa suna ganin magani kamar hatsin rumbu ne, naka kake ba wa, wanda ya ba abokin gaba ya ci amanar gida. Na san da wannan bambancin, na dai yi ta fatan kada a taɓa sa ni in zaɓa.

Ranar ta zo wata Talata da hantsi, tsakiyar damina, lokacin da gero ya yi tsayin da zai ɓoye mutum a kan babur. Baranda ba kowa, duk an tafi gona. Ina wanke almakashi na ji babur ya tsaya a gindin dogon-yaron da ke ƙofar asibiti. Mutum biyu ne. Mai tuƙin bai sauko ba, bai kuma kashe injin ba. Ɗayan ya shigo, saurayi ne da bai wuce ashirin da 'yan kai ba, ya naɗe hannun hagu da rawani, rawanin ya jiƙe sharkaf yana ɗiga a kan siminti.

"Galma ta sare ni," ya ce, tun ban tambaye shi ba.

Na kwance rawanin. Na ga saran galma ba iyaka a rayuwata, a ƙafa take samun mutum, ko a yatsa. Wannan daga gwiwar hannu ya taso har kusa da wuyan hannu, ta bayan, inda adda take sauka idan mutum ya ɗaga hannu zai kare kansa. Na riƙe tafinsa don in juya hannun, na ji shi lukwi, babu kantar fartanya ko ɗaya, a watan da hannun kowane namiji a garin ya zama kamar ɓawon itace. Kantar tana kafaɗarsa, inda wuyan riga ya zame, doguwa, irin wadda igiyar rataya bindiga take bari. Na nuna masa gado, ya ƙi, ya jawo benci ya zauna yana fuskantar ƙofa.

Na gane. Ba zato na yi ba, ganewa na yi sarai.

Wayata tana aljihu. Da na ce masa bari in ɗauko magani a ɗaya ɗakin, na kira, da 'yan sa-kai sun iso kafin in gama sa safar hannu. Na san kuma abin da zai biyo baya, domin ba a kai irinsu wajen hukuma, bayan gari ake kai su. Na tuna da na kan babur da abin da doguwar rigarsa za ta iya ɓoyewa, da matata da 'ya'yana da ke gida bayan katanga biyu. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Amma akwai wata 'yar jijiya a cikin raunin da take tsartuwa tana bin bugun zuciyarsa, idona kuma ya ƙi barin ta. Kafin in gama shawara da kaina, hannuna ya riga ya danne ta da auduga.

Da na zuƙo allurar kashe zafi sai ya kau da kai, ya runtse ido, ya ce, "Wayyo Inna." Na kusa yin dariya don haushi. Mutumin da gari guda ke kwana da fargabarsa, ga shi yana kiran uwarsa saboda allura. Na wanke raunin, na ɗaure jijiyar, na ɗinke shi tsaf, ƙanana, kusa da kusa, kamar yadda zan ɗinke na kowa. Ko kaɗan bai zo mini a rai in canza hannu ba. Na naɗe da bandeji, na ba shi ƙwayoyi, har na ce ya dawo bayan kwana goma a cire zare, domin bakina ya saba faɗar haka.

"Alla shi biya," ya ce. Ya fita, babur ya shige cikin gero.

Na wanke simintin sau biyu, na ƙone rawanin a ramin shara. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Kwanakin da suka biyo baya duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar asibiti sai na leƙa ta taga.

Kwana takwas bayan haka suka faɗa wa manoma a gonakin gabas, da sassafe. An rasa rayuka, cikinsu har da babban ɗan maƙwabcina. Maƙwabcin nan tsoho ne, abokin mahaifina tun suna samari, Baba nake kiransa, shi kuma bai taɓa kirana likita ba, sai ɗan Malam. Shi ya ba ni filin da na gina gida a jikin nasa. Ɗan nasa kuwa shi ne ƙarfin gidan, shi ke noma abin da mutum goma sha wani abu suke ci. 'Yan sa-kai suka bi sawu, suka sami ɗaya daga cikin maharan suka kashe shi, suka ɗauko gawarsa a babur suka yar a filin kasuwa don kowa ya gani.

Ni ban je ba, ina fama da waɗanda aka jikkata har bayan azahar. Ina wanke hannu wanzami ya shigo. Bai yi sallamar tsokanar da ya saba ba. Ya tura ƙofa ya jingina da ita, yana kallon zabirarsa ta kayan aski.

"Na ga gahwaka ga hannun da bai kamata ba," ya ce.

Na ajiye sabulun.

"Zaren na nan, ko cire shi ba a yi ba. Ni na hwara gani, naj ja hannun riga na ruhe. Sai wani yaro cikin 'yan sa-kai ya sake buɗewa, ya naɗe hannun rigatai, ya aza nashi tabon kusa da na gawar. Kai kaɗ ɗunke shi bara, da kwalba ta yanke shi. Likita, ko makaho ya shahwa ya san hannu guda na."

Na tambaye shi me mutane suka ce. Ya ce ba wanda ya ce komai, kuma abin da ya ba shi tsoro ke nan.

Haka aka yi kwana uku na zaman makoki ba wanda ya ce mini uffan. Na je ta'aziyya gidan Baba, ya karɓi hannuna, na yi addu'a ya ce amin, bai ɗago ido ba. Da na zauna a tabarma sai na ga wurin yana ta yi mini faɗi, na dama ya matsa, na hagu ya tuna yana da uzuri. A masallaci sahu ya bar mini gurbin da mutum biyu za su shiga. Baranda ta bushe, a watan da zazzaɓi ke kayar da yara gida-gida. Uwaye suka gwammace su goya yaro su bi hanyar Moriki, hanyar da maza ke tsoro, da su kawo mini shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a gida ya faru. A rana ta biyu aka fara dawo mana da kayan aro. Rariyar matata da ta shekara a maƙwabta ta dawo. Turmi ya dawo, tsani ya dawo, har wata tsohuwar fitila da mun manta tamu ce. Kowacce mace ta ajiye a bakin ƙofa ta juya, ba gaisuwa. Matata ta tsaya tana kallon kayan, ta ce, "Malam, mi munka yi musu? Kaman gidan da za a tashi." A nan na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ta dai shiga ɗaki ta fara ninke kayan yara.

Rana ta uku da safe na tarar an rubuta infoma, wato ɗan leƙen asirin mutanen daji, da gawayi a bangon asibiti, da manyan baƙaƙe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san rubutun, na san mai shi, ni na zauna a kansa yini biyu ina masa ƙarin ruwa lokacin da amai da gudawa suka kusa tafiya da shi. Na tsaya a baranda ina jin kamar in bi gari gida-gida in ce kowa ya tuɓe riga a ƙirga. Amma duk lokacin da fushin ya taso sai in tuna hannun hagu ne na ɗinke, kuma da hannu biyu ake riƙe bindiga. Ban san ko shi ya harbi ɗan Baba ba. Ban kuma san ba shi ba ne. Da na bar jijiyar nan tana tsartuwa, da ranar saurayin bai fito gonakin gabas ba.

A rana ta huɗu yayana ya iso daga Kaura. Malamin Larabci ne, mutum mai sanyi, wanda ya san fiƙihu ya kuma san mutane. Wanzami ne ya kira shi. Ya fara zuwa wajen mai gari kafin ya zo gidana, ya dawo mini da abin da aka yanke: bayan azahar zan rantse da Alƙur'ani a zauren mai gari, a gaban dattawa. Idan na rantse, magana ta mutu. Idan na ƙi, mai gari ya ce ba zai iya riƙe samarin ba.

"Ka saurare ni da kyau," in ji Yaya. "Mai gari ba ya son rasa ka, ba su da wani. Mun daidaita lafazin. Za ka ce ba ka san shi ba, ba ka taɓa ganinsa ba kafin ranar, ba ka kuma da wata hulɗa da mutanen daji. Akwai ƙarya a ciki?"

Na ce babu.

"To kada ka ƙara ko wasali ɗaya. Na san bakinka."

Na yi alwala muka tafi ni da Yaya. A ƙofar zauren samari sun cika, wasu da gora, wasu da bindigogin gida a rataye. Suka buɗa mini hanya ƙunci-ƙunci, sai da kafaɗata ta goge tasu. A ciki dattawa na zaune, Baba yana can gefe ya sunkuyar da kai, carbi a hannu amma ba ya ja. Liman ya ɗauko Alƙur'anin masallaci. Da ya ajiye shi a kan buzu sai na ga gafakar, baƙar fata da ta sha hannu, ƙulli-ƙullin bakinta duk suna kallon hagu. Mahaifina ne ya ɗinka ta ya ba masallacin sadaka tun kafin a haife ni. Na ga idanun wasu dattawa sun sauka a kanta, sun taso sun sauka a kaina.

Mai gari ya karanto lafazin kamar yadda Yaya ya faɗa, a hankali, yana kallona kamar mai roƙo. Liman ya zaro littafin. Na miƙa hannu, ina jin sanyi yana sauko mini a ƙirji, domin na ga na tsira.

"Ba wanga ba."

Baba ne ya yi magana, bai ko ɗaga murya ba.

"Ranka shi daɗe, sani daban, ganewa daban. Ni ma ban san kura ba, ba mu taɓa gaisawa ba, amma in na gan ta ina gane ta. Ban ce ɗan Malam ya san shi ba. Shi aza hannu shi ce bai gane ko mi ne ne ba sadda yaɗ ɗunke shi. In ya hwaɗi haka, wallahi ni da kaina za ni raka shi gida, in ci tuwo da shi."

Yaya ya taɓa ni da gwiwa. Daga baya ya ce mini nufinsa in yi shiru ya yi magana, akwai hanyar da zai bi. Ni dai hannuna yana sama, tsakaninsa da takardar bai kai taƙi ɗaya ba. A garinmu an yi imani wanda ya rantse da Alƙur'ani a kan ƙarya ba ya ganin wata daminar, amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Baba ne ya ɗago kai a karon farko cikin kwana huɗu yana kallona, kuma na ga so yake in rantse. So yake in ce ban gane ba, ya samu ya riƙe ɗan abokinsa tunda ya rasa nasa. Na kasa yi masa ƙarya a kan jinin ɗansa.

Na janye hannu na ce, "Baba, na gane."

Wani dattijo ya yi salati. Maganar ta fita waje kafin in rufe baki, na ji hayaniya ta tashi kamar an taɓa gidan rina.

"Kag gane, kaɗ ɗunke?" in ji Baba.

"Jini yake zubarwa, Baba. Na ji tsoro kuma. Amma ko ban ji tsoro ba, ina jin da na ɗinke."

Wannan ƙarin shi ne wasalin da Yaya ya hana ni. Baba ya mayar da kansa ƙasa, ya ce da mai gari, "A bar shi shi tahi. Kada a taɓa shi ƙohwar gidana. Amma kada in sake ganinai." Albarkacin wannan maganar nake numfashi yau. Mai gari ya fitar da ni ta cikin gidansa, ta ƙofar mata. Wanzami yana jira a bayan katanga da babur ɗinsa. Ko gida ban koma ba, Yaya ne ya kwaso iyalina washegari. Muka bi ta cikin gero har muka hango rufin tashar jirgin Kaura, sannan wanzami ya ce, "Yanzu wa za shi gyara mani ɓarnata?" Ya so ya yi dariya, muryar ta ƙi.

A Kaura aka mayar da ni wani asibiti mai ma'aikata da yawa, inda ba wanda ya damu da yadda nake ƙulla zare. Duk da haka na tilasta wa hannuna ɗinkin makaranta, ƙulli a tsakiya, tazara daidai, irin wanda ba a gane mai shi. Asibitin garin kuwa aka sa masa kwaɗo, domin duk wanda aka tura sai ya ji labarina ya nemi uzuri. Ina jin labarin matan da suka haihu a kan hanya, da yaran da ba su kai Moriki ba. Wani lokaci tausayi ya kama ni, wani lokaci in ce su suka so. Fushina da garin bai huce ba, sai ma daɗuwa da ya yi, musamman da na ji 'ya'yana ana ce musu 'ya'yan infoma har a nan Kaura.

Bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa da rana tsaka, ina tsaye a layin masu hatsi ina taya gero, wayata ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Lambata a rubuce take da fenti a ƙofar tsohon asibitina, saboda masu naƙuda, don haka ban yi mamaki ba.

"Likita?"

Na ce ni ne.

"Kai kaɗ ɗunke ma ƙanena hannu da damina. Ni na kawo shi."

Hayaniyar kasuwar ta yi mini nisa. Na matsa bayan wasu buhuna na tsuguna.

"Ya hwaɗa man ka yi mai aiki da kyau, ba ka wulaƙanta shi ba. Mu ba mu manta alheri. An ce sun kore ka sabo da mu, sun so kashe ka. Hwaɗa man su wa da wa. Sunansu kawai nika so, da inda ƙohwar gidansu take kallo."

Wallahi sunayen suna kan harshena. Na wanda ya yi rubutu da gawayi, na wanda ya naɗe hannun riga a kan gawa, na matan da suka ajiye rariya suka juya. Wata huɗu ina jera su a raina idan barci ya ƙi zuwa. Ban taɓa tsammanin za a zo a tambaye ni su ba, kuma na ji tsoron kaina da na ga yadda suka taso a shirye. Na san kuma ba suna ɗaya za su tsaya a kai ba. Idan suka shiga garin, ba za su tambayi wa ya ce a kashe ni, wa ya ce a bar ni in tafi ba.

Na ce, "Ba wanda ya kore ni. Canjin wurin aiki aka yi mini, kamar yadda ake yi wa kowa."

Ina jin kukan shanu a bayansa, da wani yana dariya can nesa.

"Ba haka munka ji ba."

"Haka ne. Mutanen garin ba su yi mini komai ba, lafiya muka rabu."

"An ce kai ɗan malamai na, ba ka rantsuwa ga ƙarya. Rantse."

Na rufe ido na ce, "Wallahi, tallahi, ba wanda ya kore ni."

"To," in ji shi. "Mun ji. In wani ya samu ciwo, mun san inda kake."

Ya kashe. Na daɗe a tsugune har mai hatsin ya leƙo ya tambaye ni ko jiri ne.

Na gaya wa Yaya a ranar. Ya ce Allah ya san abin da na tsare da rantsuwar, in yi istigfari in bar wa Allah sauran. Ya ce kuma in canza lamba, na canza, ko da yake mun san ba sai da lamba za su same ni ba. Har yau idan aka shigo da baƙo mai rauni a hannu, sai na duba tafinsa kafin in duba fuskarsa.

Garin yana nan. An taɓa ƙauyukan da ke kewaye da shi, shi ma an taɓa gonakinsa, amma ba a shiga cikinsa ba, kuma ban isa in ce saboda ni ne ba. Baba ya rasu bara, ban sami zuwa jana'iza ba, an aiko mini cewa kada in zo. Wanzami yakan biyo ta wajena idan ya shigo Kaura, ya ce har yanzu idan aka ambace ni sai wani ya tofar da yawu. Sau da yawa nakan buɗe baki in ba shi labarin wayar nan, don ya kai musu, sai in fasa. Na san garin. Ba za su ji abin da na ce a wayar ba, abin da za su ji kawai shi ne mutanen daji suna da lambata, sun kira, na kuma ɗauka.